Kwana guda a bakin kogi, Tondibiya

Tondibiya, wato "baƙin dutse" da Zabarmanci, tana bakin kogin Isa, arewa maso yammacin Yamai. Mutanen birni sun fi saninta da barikin horar da sojoji. Amma cikin lambunan mangwaro na gaɓa, baƙo mai ƙaramin ƙarfi ba ya rasa makwanci: bukkar ciyawa, tabarma da fitilar ƙwai. Da dare sai kukan kwaɗi, da asuba masunta su tura jiragensu.

Sai dai kogi ba shi da amana: a 2020 ambaliya ta cinye lambuna da gidaje a gaɓar Yamai. Mai niyyar kwana ya jira lokacin ɗari, ya kuma riƙo sangensa, domin jinyar zazzaɓin sauro ta fi kuɗin bukka tsada.