Robar hannu ta iso Balan

Jama'a, ku lura da hannun yaranmu in an tashi daga makaranta. Robobi ne jere, ja da kore da ruwan ɗorawa, wata da sunan Arsenal, wata Barcelona, wata rubutun ma ya goge. Yaro sai ya naɗe hannun riga don a gani. Har ciniki suke yi a tsakaninsu, biyu marasa rubutu a bakin ɗaya mai haske da dare. Wanda babu ko ɗaya a hannunsa yakan yanko tsohon tiyub na keke ya ɗaura, a yi ta yi masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa.

Wasu iyaye sun ɗaga hankali, wai alamar wata ƙungiya ce. Ni ban ga haka ba. Mu ma mun yi kukan agogon Sallah, wanda allurarsa zane ce, ba ta motsi. A Amurka, a 2010, wasu robobi masu siffar dabbobi da ake kira Silly Bandz sun haukata yara har makarantu da dama suka hana shiga aji da su. Ba a jima ba aka manta da su. Abin da ya kamata uwa ta duba shi ne kada babba ya zura wa jariri matsattsiya ta kwana a hannunsa, don tana iya tare jini.

Wanda nake tausayi shi ne ɗan koli. Irin wannan kaya daga Sin yake fitowa, daga kasuwanni irin na Yiwu, ya sauka Kano, ya yi kwanakinsa a birni, sannan ya biyo hanyar Wudil zuwa Gaya da Ajingi. Kafin ya zo mana, 'yan birni sun fara gajiya da shi, shi ya sa dila yake sakin farashi har da fara'a. Ɗan kolinmu ya ga sarin farko ya ƙare kafin la'asar, sai ya kwashi jarinsa duka ya koma Sabon Gari ya cika jaka. Ranar kasuwa ta gaba yaran su zo, su ɗaga, su ajiye, su ce: "Baba, babu mai fitila?"

In kana da ɗan'uwa mai wannan sana'a, ka ce masa sari na biyu ya sayo rabin na farko.