Tsohuwar Amfilifaya da Sabuwar Waya

Kayan sauti na gida kashi uku ne: abin da ke ɗauke da waƙa ko karatu, amfilifaya mai ƙara masa ƙarfi, sai sifika mai kai shi kunne. Tun zamanin faifan garmaho nake ma'amala da su, kuma na lura kashi na farko ne kaɗai ke saurin tsufa. Faifai ya yi zamaninsa. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya ture shi a gidajenmu. CD ya zo a 1982, memori ya biyo baya, yau komai yana cikin waya. Amma amfilifaya da sifikun da ma'aikata suka saya da kuɗin ƙarin albashin Udoji a 1975, irin su Sansui da Pioneer da Kenwood, da yawansu suna nan da ransu a ƙarƙashin gado. Raina yakan ɓaci idan na ga an miƙa su ga 'yan gwangwan don kawai ba su da wurin sa memori.

Ba na raina sabon kaya. Ƙaramar sifikar Bluetooth tana da batir, ko an ɗauke wuta tana aiki. Sai dai sauti iska ce ake turawa, kuma sifika mai faɗin tafin hannu ba ta iya tura iskar da za ta fitar da nauyin ganga ko tambari. Ka saurari Ɗankwairo a cikinta, sannan ka saurare shi a babban akwatin katako, kunnenka zai raba gardama.

Haɗa waya da tsohuwar amfilifaya ba wuya. A bayan tsohuwar amfilifaya akwai ramuka ja da fari da aka rubuta wa AUX ko TAPE. Nan ake sa ƙaramar na'urar karɓar Bluetooth, waya ta aika, tsohuwa ta rera. Ramin da za a kiyaya shi ne na PHONO. An yi shi ne don allurar faifai, wadda sautinta ke fitowa da rauni ƙwarai, don haka yana ninka ƙarfi sosai. Idan aka sa waya a nan sai murya ta farfashe. Haka kuma mai garmaho da sabuwar amfilifaya marar wannan rami sai ya nemi ƙaramin akwatin da ke ɗaga sautin allura tukuna.

A duba bayan sifika, za a ga an rubuta ohm 8 ko 6 ko 4. Samari suna son jera sifiku huɗu a kan amfilifaya ɗaya, ba su san biyu masu 8 idan aka haɗa su a waya ɗaya sun koma 4 ba, biyu masu 4 kuwa sun koma 2. Daga nan sai zafi, sai ƙauri. Wuta ma haka. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Kayan gwanjo ba ya shiga soket sai an karanta bayansa, kuma a gidana ba ya shan wutar janareta sai ta bi ta sitabilaiza.

Tsufan waɗannan kaya mai magani ne. Ƙurar hunturu ke sa maɓallin murya ƙarar-ƙarar, bel ɗin rikoda yakan narke, soson bakin sifika yakan ruɓe, duk ana canza su. Abin da ke damuna masu gyaran ne suke ƙarewa. Yaran yanzu gyaran waya suke koyo, ba laifinsu ba ne, can abinci yake.

Inda na fi ganin amfanin haɗa tsohon kaya da sabo shi ne wajen kaset. Waƙoƙin Shata da tafsirin manyan malamai an ɗora da yawa a intanet, ba su ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne kaset ɗin da babu irinsa ko'ina: saƙon murya da ɗan'uwa ya aiko daga Makka ko Kumasi a lokacin da wasiƙa ba ta isar da kewa, walimar saukar Alƙur'ani, muryar tsohuwa tana ba jikoki tatsuniya. Zafi da danshi suna cin zaren kaset a hankali, wata rana a kunna a ji shiru ko ya tsinke. Tsohuwar rikoda ce za ta karanta shi, kwamfuta kuma ta adana shi. Ana goge kan rikodar da auduga da sifirit, a ja waya daga LINE OUT zuwa kwamfuta, a naɗa da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce.

Aikin ba ya karɓar gaggawa. Kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90, kuma sai an zauna mutum biyu: jika mai sanin kwamfuta, da tsoho mai sanin muryar wane ce wannan, a wane gida, a wace shekara. Idan an gama a rubuta suna da shekara a kan kowane, a ajiye a wuri biyu, a tura wa dangi. Kaset ɗin kuma a mayar da shi akwatinsa, nesa da rana.