Saifa, Wuta Da Yaranmu



Mu malaman makaranta muna ganin abin da iyaye ba sa tsammanin muna gani. Ranar wasan motsa jiki, idan yara suka tuɓe riguna, sai mu ga waɗansu da tabon tsaga ko na ƙuna a ƙasan haƙarƙarinsu na hagu. Ba ma tambaya, domin mu ma da yawanmu muna ɗauke da irinsa tun muna ƙanana a zango. Cikin yaro ya kumbura, tsofaffi suka ce saifa ce, aka kira wanzami, ya zo da aska ko ƙarfe mai zafi.

Akwai wani yaro da muka koyar a aji huɗu, mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda kullum zazzaɓi ke kwantar da shi. Cikinsa ya yi tulu, tafin hannunsa ya yi fari. Kakarsa ta ce mana, "Malam, ai an yi masa wuta, sai dai mu jira ikon Allah." Gyambon ya warke, amma cikin yana nan yadda yake, har yaron ya rasa zangon karatu guda. Da ƙyar muka shawo kan mahaifinsa aka kai shi asibiti. Da aka auna jininsa aka duba cikinsa, sai aka ce zazzaɓin cizon sauro ne da ya daɗe yana maimaita masa. Watanni ya yi yana shan magani, cikin ya sace, ya dawo aji.

Abin da ya tuna mana da shi shi ne ziyarar wani tsohon ɗalibinmu da ke karatun likita a ƙasar Sin. Muna hira sai ya ce, "Malam, ai can ma da wuta ake yi wa saifa magani, sai dai tasu wutar ciki take shiga." Muka yi dariya, muna zaton ba'a yake yi, har ya zauna ya yi mana bayani.

Saifa tana ƙarƙashin haƙarƙari ta hagu, nauyinta ga babba mai lafiya kamar giram 150 ne. Aikinta tace jini: tana kawar da jajayen ƙwayoyin da suka tsufa, tana kuma yaƙar ƙwayoyin cuta. Idan hanta ta ƙandare, kamar yadda ciwon hanta nau'in B kan jawo, jini ya kan taru ya koma baya, saifa ta kumbura, ta shiga riƙe ƙwayoyin jini masu lafiya, har da masu tsayar da zubar jini. Da can babbar mafita ita ce a yanka ciki a cire ta ɗungum. To, amma wanda ba shi da saifa, ƙwayoyin cuta da zazzaɓin sauro sun fi saurin kayar da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Sabuwar dabarar ita ce a rage saifar, a bar saura. Likita ya kan soka wata doguwar allura ta fata, yana kallon hanyarta a na'urar hoton ciki, ko kuma ya bi ta 'yan ƙananan huda da kyamara. Bakin allurar yana fitar da igiyar maikurowef, irin wadda ke ɗumama abinci a tandar lantarki, mai kaɗawa sau miliyan 2,450 a daƙiƙa ɗaya. Igiyar ta kan girgiza ruwan da ke cikin nama har ya yi zafi, kuma da zafi ya wuce digiri 60 naman wurin ya mutu. An fi sanin dabarar wajen ƙone ƙari a hanta. A shekarar 2011 likitoci a birnin Beijing suka bayyana sakamakon gwada ta a kan saifar masu ciwon hanta, inda ƙwayoyin jinin majinyata suka ƙaru bayan aikin. Tana da nata haɗarin, domin saifa cike take da jini: ana iya samun zubar jini a ciki, da zazzaɓi, da ciwo. Aiki ne na ƙwararru a babban asibiti.

Mun daɗe muna juya wannan magana. Kakanninmu ba su yi kuskuren wuri ba, sun san inda saifa take, kuma tausayi ne ya sa su kiran wanzami. Sai dai wutarsu a fata take tsayawa, alhali matsalar tana cikin jini ko cikin hanta. Ita ma allurar zamani ba ta warkar da hantar da ta jawo kumburin, kuma ba ita ce maganin yaro irin namu na aji huɗu ba. Nasa maganin ƙwayoyi ne da gidan sauro. Kumburin saifa alama ce, kuma abin da ke jawo shi ya bambanta: zazzaɓin sauro, tsutsar ruwan rafi, sikila, ciwon hanta. Sai awon asibiti ke rarrabe su.

Nan Gana ba a bar mu hannu rabbana ba. Tun 1995 aka fara gwajin sikila ga jarirai a Kumasi, a 2002 rigakafin ciwon hanta nau'in B ya shiga cikin alluran yara, a 2019 kuma aka fara ba da rigakafin zazzaɓin sauro a waɗansu yankuna. Ya rage namu mu kai yaran.

Roƙonmu ga iyaye: in kun ji tauri a hagun cikin yaro, asibiti za ku fara zuwa. Aska ɗaya da ta zaga yara da yawa tana iya ɗaukar musu ciwon hantar nan da kanta. Mu kuma malamai, kada mu bar mai kumburin saifa ya buga ƙwallo ko ya yi kokawa, kada kuma bulala ta kusanci cikinsa, domin saifar da ta kumbura tana iya fashewa da bugu ɗaya.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.