Gunkin da Aka Jefa a Kogi

A shekarar 980 Sarki Vladimir na Kiyef ya kafa gumaka a kan tudu kusa da fadarsa. Babbansu shi ne Perun, wanda mutanen suka ɗauka mai tsawa da yaƙi: jiki na itace, kai na azurfa, gashin baki na zinariya. A 988 sarkin ya shiga Kiristanci, ya sa aka ɗaure gunkin a wutsiyar doki aka ja shi gangare, ƙarti 12 na jibgarsa da sanduna, aka wurga shi cikin kogin Dnipro. Tsohon littafin tarihin ƙasar ya ce jama'a na kallo suna kuka.

Lokacin da nake karatu a Kiyef, na ɗauka magana ta ƙare daga nan. Sai wani hutu abokin karatuna ya kai ni ƙauyensu. Ran 2 ga Agusta gari ya waye tangaran, ga ciyawar shanu a shanye tana jiran kwasa, amma kakarsa ta ce ko tsinke ba za a ɗaga ba. Yau ranar Iliya ce, in ji ta, wanda ya yi aikin gona zai jawo wa rumbunsa aradu. Tsawa kuwa a wurinta ƙarar karusarsa ce a sama. Tsohuwar nan ba ta fashin coci, ban kuma taɓa jin sunan Perun a bakinta ba. Amma masana tarihi da dama sun nuna cewa aikin da kakanninta suka ba gunkin, shi aka ɗora wa Iliya, wato Annabi Ilyasu. Abin ya taɓa ni ƙwarai, don annabin nan ne Alƙur'ani ya ba mu labarin yadda ya hana mutanensa bautar Ba'al.

A nan na gane cewa itacen kawai kogi ya tafi da shi. Tsoron manomi cewa wuta za ta faɗo ta cinye wahalarsa ta shekara yana nan daram, bulala kuma ba ta fitar da shi.

Akwai kuma batun amana, wanda na fi jinsa a rai. Tun kafin zamanin Vladimir, da Sarki Igor na Kiyef ya ƙulla sulhu da Rumawan Kustantiniya wajen 945, shi da mayaƙansa sun hau tudun Perun suka ajiye makamai da garkuwa da zinariya suka rantse, Kiristocin cikinsu kuma suka rantse a cocin Iliya. Wato mutane na neman shaidar da ba a iya saye da kuɗi, wadda maƙaryaci zai ji shakkarta.

Shi ya sa da na dawo gida na ji kawuna ya ce "kwarankwatsa" a kan iyakar gona, ban ɗaga masa murya ba, ko da yake na san rantsuwa da wanin Allah ba ta halatta. Na bari aka watse, na same shi shi kaɗai na ce, "Kawu, me ya sa kake ganin in ka ce wallahi ba za a yarda ba?" Ya ce don kowa na faɗinta a kasuwa, har a kan farashin tumatir. Daga nan muka fara hirar, kuma har yanzu ba mu gama ba.