Shekara Tara Ina Ɓoye Wuya

Lahadi, 7 ga Yuli

Ruwa tun asuba, irin na Duwala da ba ya jin roƙo. Lungunmu na New Bell ya cika, ɗan bansikin, mai babur ɗin haya, ya ƙi shigowa, sai da na tattare zani na tako bakin titi. Shekara tara ke nan ina naɗe wuya da mayafi ko ana zafi kamar tanda. Goggo ta sha kawo mini rubutu da sassaƙe, maƙoƙon na ta girma abinsa, har ya kai in na kwanta rigingine numfashi ya sarƙe. An ba ni gado a asibiti, gobe za a yi mini aiki. Daga sha biyun dare ko ruwa an hana ni.

Litinin, 8

Likita ya ja layi da alƙalami a gindin wuyana, cikin ninkin fata, don tabon ya ɓuya. Ya ce abin da zai cire, tairod, siffar malam-buɗe-littafi gare shi, rungume da maƙogwaro, kuma jijiyoyin murya ta bayansa suka bi. Nan cikina ya ɗuri ruwa. Mai sayar da atamfa a Marché Congo, in ba murya me ta rage?

Na farka da ƴar roba a wuya tana ɗigar da jini cikin kwalba. "Hajiya, ki ce aa." Na ce. Kamar zakaran da mura ta kama, amma muryar ta fito.

Talata, 9

Wajen la'asar na ji kamar tururuwa na yawo a leɓɓana da kan yatsuna. Na so in yi shiru, na ɗauka sauran allurar barci ce. Ƙanwata ta ce, "Yaya, wallahi sai na faɗa." Nas ta zo ta ƙwanƙwasa kumatuna a gaban kunne, gefen bakina ya motsa da kansa. Ashe a bayan tairod akwai wasu ƴan ƙulli huɗu, kowanne bai wuce ƙwayar shinkafa da yawa ba, su ke riƙe da sinadarin kalsiyam a jini. In an taɓa su wajen aiki sukan yi fushi na ƴan kwanaki. Aka ba ni maganin da ake jefawa a ruwa yana kumfa. Kafin isha tururuwar ta watse.

Laraba, 10

An zare robar. Na sha koko, haɗiya kamar ƙaya.

Alhamis, 11

Gida. Ƴan dubiya har tsakar gida, kowa da fatawarsa. Maƙwabciyarmu ta ɗora laifin a kan bobolo da miyondo, abincinmu na rogo. Ba ta yi ƙarya duka ba: rogon da bai jiƙu sosai ba yana hana jiki cin moriyar sinadarin aidin, rashin aidin kuwa shi ne uban maƙoƙo. Shi ya sa tun 1991 Kamaru ta wajabta sa aidin a gishiri. Amma ni gishirin nan nake ci tun ina yarinya, kuma kakata a Ngawundare da nata maƙoƙon ta rasu, ita da ba ta san bobolo ba.

Asabar, 13

Mun ɗan yi da Goggo. Ta ga kwalin Levothyrox ta ce, "An cire ciwo, maganin me kuma?" Na ce, "Goggo, ai har da injin aka cire. Ƙwayar nan ita za ta riƙa yin aikinsa, har ƙarshen raina." Ta ce likitoci ba sa son rabuwa da mutum. Ban ƙara ba. Na san wadda ta daina sha don ta ji sauƙi: jiki ya kumbura, sanyi a Duwala, barci ba dare ba rana.

Ƙa'idar shan ƙwayar ce wahalar. Da sassafe, ciki wayam, da ruwa zalla, a jira rabin awa kafin koko, kalsiyam kuma sai bayan awa huɗu. Na ajiye ta kusa da carbi. Da azumi sai in riga kowa tashi sahur.

Litinin, 15

An duba ɗinki, ya kama. Gwajin jini ranar 19 ga Agusta, a ga ko ƙwayar ta yi mini daidai. Da magariba autana ya fita wasa cikin ruwa, na manta na ƙwala masa kira. Muryar ta tsinke a tsakiyar sunan, amma ya juyo.