Tabarma Ɗaya a Sansanin Yara

Dogon hutu ya matso, iyaye kuma sun fara tare mu a ƙofar majami'a da tambaya ɗaya: "Fasto, bana ma yara za su kwana a sansani?"

Mu da muka tashi a Sabon Gari mun san asalinmu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma a tashar nan ta Fagge kakannin da yawa daga cikinmu suka sauka da akwati a ka: Yarabawa, Ibo, mutanen Filato da na Kudancin Kaduna. Kowa ya zo da yarensa, ya gina majami'arsa. Har yau ranar Lahadi kowa ɗakinsa yake shiga. A sansanin Birged ne jikokinsu ke kwana a tabarma ɗaya.

William Alexander Smith ne ya kafa ƙungiyar a Glasgow a 1883, ya kai yaransa sansanin farko a 1886, ta kuma iso Najeriya a 1908. Mu muka sa mata gishirin gida. Ana busa bigila da asuba, a yi addu'a, a haddace ayar ranar kafin a shiga layin koko da ƙosai. Ɗan mai kuɗi da ɗan mai gadi kowa zai wanke kwanonsa. In ruwan Agusta ya sauko, a ja tabarmi tsakiyar aji, a ɗauko ganga. A daren farko ba a rasa ƙaramin da ke kukan uwarsa, babban yaron da ya zauna kusa da shi har barci ya ɗauke shi kuwa, bara shi ne mai kukan. Da yawa cikinmu a daren ƙarshe muka fara yin addu'a da bakinmu, ba wanda ya ja mana.

Tsoron iyaye yana da dalili. Ba mu manta harin jirgin Abuja zuwa Kaduna na Maris 2022 ba, kuɗin mota da na abinci ma sun hau. Amma a Luka sura 2, Yusufu da Maryamu sun yi tafiyar yini guda suna zaton Yesu na cikin ayari, domin a ayarin nan ɗa na kowa ne. Irin wannan amanar iyaye ke nema a hannunmu.

Saboda haka, matasa, aikin namu ne. In hanya ba ta biyuwa, mu kafa sansanin a harabar majami'a. Mu raba gadin dare, mu san sunan kowane yaro da mai maganin da yake sha, mu haɗa kuɗin wanda iyayensa ba su da hali. Ku ba shugaban zumunta sunayenku ranar Lahadi.

Ubangiji ya tsare fitar yaranmu da komowarsu. Amin.