Sakai, birnin maƙeran wuƙa a ƙasar Japan

Baƙon da ya hau jirgin ƙasa daga Osaka ba ya cika rabin awa kafin ya sauka a Sakai, birni na bakin teku mai mutane wajen 800,000. A nan kabarin da ake danganta wa sarki Nintoku yake, tudu mai tsawon mita 486 da aka tara cikin ƙarni na 5. A nan kuma aka kafa kamfanin Shimano a 1921, wanda duk ɗan kasuwar kayan keke ya san sunansa. Amma abin da ya fi fito da sunan garin wurin masu dafa abinci shi ne wuƙa.

Sana'ar tana da asali. A 1543 mutanen Fotugal suka kai bindiga tsibirin Tanegashima, ba a jima ba maƙeran Sakai suka gwanance wajen ƙera ta. Da taba ta shigo ƙasar, sai suka shiga ƙera wuƙaƙen yanka ganyenta, har hukumar gidan Tokugawa ta ba su hatimi na musamman. A 1982 gwamnatin Japan ta sa ƙirar Sakai cikin sana'o'in gargajiya da take karewa.

Wuƙa ɗaya takan bi hannu uku: maƙeri, mai wasawa, da mai sa ƙota. Maƙerin yana haɗa ƙarfe iri biyu cikin wuta, mai taushi ya zama jiki, mai tauri ya zama baki. Mai taurin, wanda suke kira farar takarda ko shuɗiyar takarda saboda launin takardar da ake shaida shi da ita, yana da sinadarin gawayi wajen kashi 1 cikin 100, ko sama da haka kaɗan.

Babban aikin shi ne ba ƙarfen tauri. Ana shafa wa ruwan wuƙar laka, a gasa shi har zafi ya kai wajen digiri 800, sannan a tsoma shi cikin ruwa farat ɗaya. Maƙeran kan rage hasken ɗakin, don da launin jan ƙarfen suke gane lokaci ya yi. In zafi ya gaza, taurin ba ya kamawa. In ya wuce kima, bakin ya riƙa gutsurewa. Ƙarfen da ya fito daga ruwa yana da gautsi kamar kwalba, shi ya sa ake mayar da shi wuta marar ƙarfi, ƙasa da digiri 200, ya saki kaɗan.

Ana auna tauri da ma'aunin Rockwell. Wuƙaƙen Solingen ta Jamus sukan tsaya tsakanin 56 da 58, na Sakai kuwa daga 60 zuwa 64. Kowane allazi da nasa amanu. Mai taurin tana daɗewa da kaifi kuma tana jure wasa siriri, amma in ta ci karo da ƙashi sai ta yi giɓi. Mai taushin tana saurin dakushewa, sai dai bakinta lanƙwashewa yake yi, ana miƙe shi nan take.

Saboda haka siffar wuƙa take bin aikinta. Turawa sun daɗe suna wasa tasu gefe biyu, wajen digiri 20 kowane gefe. Maƙeran Sakai gefe ɗaya suke wasawa, su ɗan rarake bayan don kada abin da ake yankawa ya manne. Yanagiba doguwa ce siririya, ta yanka ɗanyen kifi da ja guda. Deba tana da kaurin gadon baya da nauyi, ita ce ta cire kan kifi. Usuba kuwa ta kayan lambu ce, tana fere su kamar takarda.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne ga mahautan Maraɗi ko na Tawa. Mai yanka kilishi ba ya ɗaukar wuƙar da ake saran ƙashi da ita. Ɗan kasuwar da zai saro wuƙaƙe, ko ma'aikacin da zai saya wa iyali, ya kamata ya fara tambayar abin da za a yanka da dutsen wasan da ke gida. Wuƙa mai tauri 63 a madafar da ake datsa kaza da ƙashinta asarar kuɗi ce, ga tsatsa in an bar ta da lema.

Damuwar Sakai a yau ita ce magada. Yawancin gwanayen sun manyanta, koyon aikin kuma yana cin shekaru masu yawa, alhali masu saye daga ƙasashen waje sai ƙaruwa suke yi. Mai son wuƙar wani sanannen maƙeri yakan jira watanni kafin ta iso hannunsa.